Mai Harshe ko Mai Koyarwa: Wa Za Mu Damƙa wa Yaranmu?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye a nan Malanville duk lokacin da aka taɓo zancen koyar da Ingilishi a makarantun firamare. Maganar ita ce: "In dai da gaske ake yi, to a kawo masu harshen." Ina jin ta a shirin da nake gabatarwa a rediyo inda masu saurare ke bugo waya, ina jin ta a rumfunan 'yan albasa, ina kuma jin ta daga bakin mutanen da suka yi karatu mai zurfi. Abin da ake nufi shi ne a ɗauko Ba'amurke ko Baturen Ingila, wanda ya tsotsi Ingilishi a nono, a damƙa masa yara 'yan shekara shida zuwa goma sha biyu. Tambayar da nake so mu duba tare, ya mai karatu, ita ce: shin haihuwa cikin harshe ta isa ta ba mutum cancantar tsayawa gaban ƙaramin yaro da alli a hannu? Idan kuma muka ce ta isa, me muke gaya wa yaron game da kansa?

Ga wanda bai san garinmu ba, Malanville tana can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, a jihar Alibori, a bakin kogin Isa wanda 'yan Nijeriya ke kira Kwara. Gada ce kawai tsakaninmu da Gaya ta Nijar, kuma ta gabas, bayan Madecali, ƙasar Kebbi ce. Harshen hukuma Faransanci ne, da shi ake karatu tun daga ajin farko na lakwal, wato makarantar boko. A da, yaro ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya shiga ajin farko na sakandare. A 2017 gwamnatin Patrice Talon ta fara gwajin koyar da shi a wasu makarantun firamare, makarantun kuɗi kuwa sun mai da shi abin talla a allunansu. Iyaye ba su yi laifi ba da suke kwaɗayinsa. Ɗan kasuwar da ke sarin kaya daga Kano ko Legas ya san wahalar takardar da ba ya iya karantawa. Saurayin da ke son karatu a Sakkwato ko Birnin Kebbi ya san ƙofar da ke rufe a gabansa. Wayar da ke aljihun kowa ma rabin abin da ke cikinta da Ingilishi yake. Ko a matakin ƙasashe, Togo da Gabon, masu Faransanci irinmu, sun shiga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a 2022.

Bari in fara ba masu wancan ra'ayi haƙƙinsu. Kunnen yaro yana kama sauti fiye da na babba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka haifa cikin harshe yana da lafazi da karin sauti da sauƙin magana waɗanda mai koyo kan sha wuya kafin ya kai gare su. Tarihi ma yana da shaida. Kwalejin Katsina, da aka buɗe a hukumance a 1922, Turawan Ingila ne suka koyar a cikinta, suka kuma matsa ƙwarai a kan furuci, har ta fitar da irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Ingilishinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. A nan Benin, 'yan sa-kai na gwamnatin Amurka, wato Peace Corps, suna zuwa tun 1968, kuma da yawansu Ingilishi suka koyar a makarantun sakandare. Sun bar jin daɗin ƙasarsu, sun zauna a ƙauyuka, sun koyi Faransanci da harsunan gida. Duk wanda ya raina wannan bai yi adalci ba.

Sai dai a lura da abu biyu game da Katsina. Ɗaliban da suka shiga kwalejin samari ne zaɓaɓɓu, waɗanda suka riga suka iya karatu da rubutu da Hausa, da yawansu kuma sun yi makarantar allo. Malamansu kuwa malamai ne na sana'a, sun zauna shekaru a ƙasar, a zamanin da jami'in Bature a Arewa sai ya ci jarrabawar Hausa. Wannan ya sha bamban da a ɗauko baƙon da bai san "sannu" ba a tsayar da shi gaban ɗan shekara bakwai.

Iya harshe daban, iya koyar da shi daban. Mai karatu, gwada wannan a kanka. Kai Bahaushe ne, ka tashi da Hausa. Me ya sa kake cewa "na saya", amma idan ka ambaci abin sai ka ce "na sayi albasa", idan kuma ka sakaya sunanta ka ce "na saye ta"? Me ya raba "saya" da "sayo" da "sayar"? Ba ka taɓa kuskurensu ba, amma in Bazabarme ko Bayarabe mai koyon Hausa ya tambaye ka dalili, amsar da za ka ba shi ita ce: "Haka dai ake faɗi." To haka Ba'amurken da bai koyi aikin malanta ba yake da nasa harshen. Ya iya hawa dutsen domin a kansa aka haife shi, amma bai san inda santsi yake ga mai hawowa daga ƙasa ba.

Mu da muka tashi cikin karatun Larabci bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Sibawaihi, wanda littafinsa ya zama tushen nahawun Larabci, Bafarishe ne, ya zo Basra ya koya a wurin Khalil ɗan Ahmad, ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira. Har yau Larabawa a wurinsa suke koyon ƙa'idar harshensu. A nan kusa da mu, Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, Fulatanci ya tashi da shi, amma ya wallafa manyan littattafai a kan nahawu da sarafu. Malamanmu na zaure da suka koya mana baƙi da wasali, har muka iya fitar da haruffa daga mafitarsu, ba Larabawa ba ne. Ban taɓa jin uban da ya ce ba zai kai ɗansa makarantar allo ba sai an kawo mutumin Makka. Me ya sa ƙa'idar da ba mu gindaya wa Larabci ba muke gindaya wa Ingilishi?

Yanzu mu dubi yaron kansa, domin shi ne mai haƙƙi, kuma shi ne ba a tambaya. Yaron Malanville yana iya tashi da Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci a gida. A kasuwa da wurin wasa ya tsinci Hausa. Da asuba da yamma yana karatun allo da Larabci. Ranar da aka kai shi lakwal, mushe, wato malamin boko, ya tarbe shi da Faransanci, harshen da ba a yi da shi a gidansu. Kafin ya gama gane wannan, sai ga Ingilishi a matsayin na biyar. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, ya ma fi yawancin masu zuwa koya masa yawan harsuna. Amma ƙaramin yaro ne. Yana jin tsoro, yana jin yunwa, cikinsa kan yi ciwo, wani lokaci babba a aji ya ƙwace masa kuɗin tara. Malamin firamare rabinsa uwa ne, rabinsa uba. Idan yaro ya ɗaga hannu ya faɗi damuwarsa da harshen da yake kuka da shi, wanda ke gabansa kuma bai fahimta ba, to an bar yaron shi kaɗai ko da ajin cike yake da mutane.

Ko a fagen furucin da ake taƙama da shi, malamin gida yana da abin da baƙo ba shi da shi. Ya san cewa bakin Bahaushe kan haɗa "p" da "f", domin shi ma ya sha fama da su. Ya san cewa yaron da ya fara da Faransanci kan haɗiye "h" a farkon kalma, ya kuma karanta wasulan Ingilishi da sautin Faransanci. Ya san wace kalma ce ta yi kama da ta Faransanci alhali ma'anarsu ta bambanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo zai ji kuskuren, zai maimaita daidai sau goma, amma sau da yawa bai san daga ina kuskuren ya taso ba, ba kuma zai iya cewa da Dandanci ko Hausa "sa harshenka tsakanin haƙora" ba.

Masana sun daɗe da gane muhimmancin harshen da yaro ya sani. Tun 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoton da ya ba da shawarar a fara karatun yaro da harshen uwa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, ana koyar da Ingilishi a matsayin darasi guda a hannun malamin da aka horar domin haka. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, a sauran darussa ma sun fi su. A Nijar, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake farawa da Hausa kafin Faransanci. Darasin duk ɗaya ne: sabon harshe yana hawa ne a kan wanda yaro ya riga ya mallaka.

To daga ina muka gaji wannan imani cewa mai harshe shi ne malami? A 1961 an yi babban taro a Makerere ta Uganda kan koyar da Ingilishi a ƙasashe rainon Ingila. Wani masani ɗan Birtaniya, Robert Phillipson, a littafinsa na 1992 kan mulkin mallaka ta hanyar harshe, ya bi diddigin tunanin da ya mamaye taron, ya fitar da ginshiƙai biyar: a koyar da Ingilishi da Ingilishi zalla, malamin da ya fi shi ne ɗan asalin harshen, gara a fara da wuri, gara a yawaita, kuma amfani da wasu harsuna zai ɓata shi. Ya ce dukansu ruɗi ne da ba su da hujjar bincike, amma suna da amfani ga ƙasashen da ke sayar da malamai da littattafai da jarrabawa. Ko ba ka yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, ka lura cewa ginshiƙan nan biyar su ne daidai abin da ake rubutawa a allunan tallan makarantun kuɗi a yau. Wasu ƙasashen da suka kashe kuɗi masu yawa wajen ɗauko 'yan asalin harshe ma ba su sakar musu aji ba. Japan ta fara shirinta a 1987, Koriya ta Kudu a 1995, Hong Kong ta kai nata firamare a 2002, kuma tsarin shi ne baƙo ya yi aiki tare da malamin gida. A Japan sunan muƙamin ma mataimakin malami ne.

Akwai wata tambayar da ba mu cika son a yi mana ba. Idan muka ce "mai harshe", wa muke gani a zuciyarmu? Akwai yara a Legas da Abuja da Akara da Monrobiya waɗanda Ingilishi ne harshen da suka fara buɗe baki da shi. Akwai baƙaƙen fata a Amurka da Jamaika da kakanninsu ba su san wani harshe ba sai shi. Na taɓa jefa wannan tambaya a shirina: ga Ba'amurke baƙar fata mai takardar malanta, ga kuma Bajamushe fari wanda shi ma koyon Ingilishin ya yi, wa za ku ba yaranku? Wani dattijo ya bugo waya ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, gaskiya ɗaya ce, in aka sa hoton farin a allon makaranta, shi zai fi kawo ɗalibai." Ya faɗi abin da ke zukata da yawa. Ashe wani ɓangare na abin da muke kira neman inganci, neman launin fata ne.

Nan ne batun ya zama na ɗa'a. Yaro yana koyon abin da aka faɗa masa, yana kuma koyon abin da ya gani ana yi. Idan ya ga mushensa, wanda ya shekara goma sha biyar yana shan ƙurar alli, ya koma gefe yana riƙe wa wani saurayi baƙo littafi, ba don saurayin ya fi shi sanin aiki ba sai don inda aka haife shi, to ya koyi darasin da ba ya cikin manhaja. Ya koyi cewa akwai matsayin da ƙoƙari ba ya kai mutum, sai haihuwa. Ya koyi cewa duk yadda ya iya Ingilishi, nasa jabu ne, na asali yana wurin wasu. Wannan darasi ya fi kowane kuskuren lafazi illa, domin lafazi ana gyara shi, amma yaron da ya yarda cewa bakinsa aibi ne, shiru zai yi. Haka kuma duk makarantar da ta biya baƙo marar horo fiye da ɗan gida mai horo a kan aiki iri ɗaya, ta yi zalunci, ko da iyaye ne suka tura ta.

Aikina ya koya mini wannan ta wata fuska. Hausarmu ta bakin iyaka ba irin ta Kano ba ce. Muna cewa lakwal, muna cewa mushe, muna ƙirga kuɗi da jika da dala ta lissafin sefa. Wani lokaci mai saurare daga tsallaken iyaka kan bugo ya yi mini tsiya cewa Hausata ta sha ruwan Faransanci. Ni babba ne, dariya nake yi in rama. Amma na ga yara da aka kawo ɗakin shirye-shirye, masu surutu kamar aku a waje, da zarar wani ya yi dariyar yadda suka furta kalma guda, sai su kulle baki har a gama shiri. Harshe da magana ake koyonsa, magana kuwa sai da sakin jiki.

Sannan wane Ingilishi ne yaron Malanville zai buƙata? Masu magana da Ingilishi a duniya waɗanda koyonsa suka yi sun ninka waɗanda aka haifa cikinsa. Yaronmu zai yi magana da jami'in kwastan a Kamba, da dillali a Kantin Kwari, da malamin jami'a a Sakkwato, da direba ɗan Gana, da ɗan kasuwar Sin ko Indiya ta waya. Abin da zai fisshe shi shi ne a fahimce shi, shi ma ya fahimta, ya kuma iya karanta takarda kafin ya sa hannu. Karin muryar mutumin Landan ba ya cikin sharuɗɗan.

Akwai kuma batun zama. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wa'adin ɗan sa-kai na Peace Corps shekara biyu ne, firamare kuwa shekara shida ce. A watan Janairu na 2011, bayan an sace wasu Faransawa biyu a Yamai, ƙungiyar ta kwashe mutanenta daga Nijar, inda take aiki tun 1962. A watan Maris na 2020, saboda annobar korona, ta kwashe dukan 'yan sa-kanta a faɗin duniya. Ba laifinsu ba ne, kowace gwamnati tana kare 'ya'yanta, kuma da yawansu da hawaye suka tafi. Amma mu da ke Alibori, inda matsalar tsaro ta taso daga dajin W a 'yan shekarun nan, mu da muka ga an rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har mutane suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale, mun san yadda hanya kan toshe dare ɗaya. Ilimin ƙaramin yaro amana ce ta shekaru. Ba daidai ba ne a gina ta a kan wanda saƙo guda daga ofishin jakadanci zai ɗauke shi.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne: malaman firamarenmu da Faransanci aka horar da su, da yawansu Ingilishinsu bai wuce na sakandare ba. Malamin da bai iya ba zai shuka kuskuren da zai yi wuyar cirewa. Zama ɗan gida shi kaɗai ba cancanta ba ce, kamar yadda zama Bature ba cancanta ba ce. Wanda ya tsallaka Kebbi ya ɗauko duk wanda ya samu don kawai ɗan Nijeriya ne, shi ma ya faɗa ramin da muke magana a kai. Amma idan ciwon rashin horo ne, maganinsa horo. Muna da makarantar horar da malaman firamare a Kandi. Muna da matasa da suka karanta Ingilishi a Jami'ar Abomey-Calavi suna zaune ba aiki. Muna da ƙwararrun malamai a Nijeriya da Gana, wasunsu ma suna jin Hausa. Idan baƙo mai harshe ya zo da niyyar alheri, wurin da zai fi amfani shi ne gaban malamai. Ya zauna da malamai talatin, kowannensu ya koma ya koyar da ɗaruruwan yara tsawon rayuwar aikinsa. Idan kuma muryarsa ake so yara su ji, wannan zamani ya sauƙaƙa: rediyo da waya da ƙaramin lasifika sun isa su kawo ta cikin aji, mushe yana tsaye yana fassarawa yana gyarawa. In ya shigo ajin da kansa, ya shigo a matsayin baƙon mushe, a hannun mushe allin yake.

Saboda haka, iyaye 'yan uwana, idan za ku kai yaro makarantar da ke tallan Ingilishi, ku bar tambayar daga wace ƙasa malamin ya fito. Ku tambaya: ya iya harshen sosai? An horar da shi koyar da ƙananan yara, akwai kuma wanda ya san halinsa da tarihinsa kafin a bar shi da su? Yana da harshen da zai fahimci ɗana idan ya zo masa da kuka? Zai kai baɗi yana nan? Duk wanda ya cika waɗannan, fari ne ko baƙi, daga Chicago ya zo ko daga Kamba ko daga Guene, ya cancanci a ba shi yaro, a kuma biya shi haƙƙinsa daidai da aikinsa. Wanda bai cika su ba, muna yi masa maraba, mu ba shi ruwa da tabarma kamar yadda muka gada, amma ba mu ba shi aji ba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba malamanmu ladan wahalarsu, ya sa mu gane amanar da ke wuyanmu.